Mai Zanen da Ya Nuna wa Duniya Kano da Sakkwato Bai Taɓa Taka Ƙasar Hausa Ba

Laccar da aka gabatar a Nasarawa Burkullu, Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, Jihar Zamfara

 



Gabatarwa

Duk wanda ya saba buɗe littattafan tarihin Arewa, ko ya taɓa neman tsohon hoton Kano a intanet, da wuya a ce bai ci karo da wani hoto guda ba. Birnin Kano ne a shimfiɗe, an hango shi daga kan Dutsen Dala, ga soraye, ga ɗakunan ciyawa, ga itatuwan dabino tsaitsaye a tsakanin gidaje. A ƙasan hoton an sa ranar 10 ga Fabrairu, 1851. Yawancin mutane cewa suke yi zanen Barth ne, wato Baturen nan da kakanninmu suka sani da Abdulkarim. Barth ne ya hau Dala, ba shakka, amma hannun da ya fitar da hoton yadda muke ganinsa a yau na wani Bajamushe ne daban, mai suna Johann Martin Bernatz. Shi ya zana Kano, shi ya zana kasuwar Sakkwato, shi ya zana shigar Tambutu, alhali kuwa bai taɓa shan ruwan ko ɗaya daga cikin garuruwan nan ba.

Rayuwar wannan mutum da tafiye-tafiyensa su ne abin da zan yi magana a kai. Abin da nake so mu tashi da shi ɗaya ne: hoton da baƙo ya yi mana shaida ce mai daraja, amma shaida ce da ta bi ta hannaye, sai an auna ta kafin a karɓa, kuma garin da bai sami mai zana shi daga cikin 'ya'yansa ba, to ko dai baƙo ya zana shi yadda ya ga dama, ko kuma ya shuɗe ba wanda ya san kamanninsa.

Daga kunkunniya zuwa buroshi

An haifi Bernatz a ranar 22 ga Maris, 1802, a garin Speyer da ke bakin kogin Rhine a ƙasar Jamus. Ku lura da shekarar: saura shekara biyu Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Ba ɗan gidan sarauta ba ne, ba kuma ɗan attajirai ba. Sana'ar da aka fara koya masa ita ce sharar bututun hayaƙi. A ƙasashen sanyi kowane gida yana da murhu a cikin ɗaki, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi, kuma in kunkunniya ta taru a ciki gobara ke nan. Saboda haka akwai masu hawa rufi suna kankare ta, kuma aiki ne na baƙin jiki da shaƙar toka.

A 1821 ya bar wannan aiki ya tafi Biyana, babban birnin Ostiriya, ya shiga makarantar koyon gini. Daga 1825 ya koma babbar makarantar zane ta birnin, sa'an nan ya zauna a Munik, inda ya yi sauran rayuwarsa in ba ya kan hanya. Wannan karatun gini da ya fara da shi ya bi shi har cikin zanensa. Mutum ne da ya san yadda bango ke tsayuwa, ya san yadda ake nuna nesa da kusa a kan takarda, yadda gidan da ke can baya zai ƙanƙance daidai gwargwado. Fanninsa shi ne zanen ƙasa da gari, ko da yake tafiya ta tilasta masa zana mutane, da fuskokinsu da tufafinsu da makamansu.

Kayan aikin matafiyi

Me ya sa ayarin masu bincike a wancan zamani ba ya tashi sai da mai zane? Domin babu kyamara. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa, kuma shekaru da dama bayan nan kayanta nauyi gare su, ga magunguna masu lalacewa a zafi. Mai zane shi ne idon waɗanda suka zauna a gida.

Zanen da ya dace da matafiyi kuwa shi ne na launin ruwa. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ƙura ta manne masa, ga katako da ƙyalle masu cika kaya. Launin ruwa kuwa ɗan akwati ne da zai shiga aljihu, da buroshi biyu ko uku, da takarda mai kauri, da ɗan kurɓin ruwa. Mai zane zai fara ja da fensir, sa'an nan ya shafa launi marar kauri, ya bari ya sha iska, ya ƙara wani a kai. Yana farawa daga mai haske zuwa mai duhu, domin a wannan fanni farin takardar shi ne hasken hoton. Wurin da kake so ya yi fari, barinsa za ka yi ba ka taɓa ba. In hannu ya kuskure, gyara yana da wuya, shi ya sa ake cewa fanni ne na mai saurin ido da natsuwar hannu.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Garin launi shi kaɗai ba ya kama takarda, sai an kwaɓa shi da abin da zai riƙe shi, kuma wannan abu ba wani ba ne illa ƙaro. Ƙaron nan dai na itacen ɗakwara, wanda malamanmu ke sa wa tawada don ta kama allo ta yi sheƙi. A ƙarni na 19 Turai tana sayen mafi yawan ƙaronta daga bakin kogin Sanagal da ƙasar Kurdufan ta Sudan. Ashe tun kafin Bernatz ya zana ƙasashenmu, ɗanyen kayan ƙasashenmu yana cikin akwatinsa.

Masar, Kudus da Habasha

Tafiyarsa ta farko mai nisa ita ce ta 1836 zuwa 1837, tare da wani shehin malamin Jami'ar Munik, Gotthilf Heinrich von Schubert. Sun bi ta Santambul, suka sauka Masar, suka ratsa hamadar Sina, suka shiga Falasɗinu har Kudus. Wannan ayari yana cikin na farko da suka gano, ta hanyar ma'aunin nauyin iska, cewa Tekun Gishiri na Falasɗinu yana ƙasa ƙwarai da sauran tekunan duniya. Yau an san zurfin kwarin ya haura mita 400. Bernatz ya dawo da tarin zane, aka zaɓi 40 aka buga su littafi a 1839. Wannan littafi ne ya fitar da sunansa.

Tafiya ta biyu ta fi tsawo, ta fi wahala. A 1841 hukumar Ingilishi da ke mulkin Indiya ta tashi jakadu daga Bambai zuwa wurin Sahle Selassie, sarkin Shawa a ƙasar Habasha, kakan Sarki Menelik na Biyu. Jagoran tafiyar soja ne, William Cornwallis Harris, wanda shi kansa gwanin zana namun daji ne. Aka ɗauki Bernatz a matsayin mai zanen ayari. Sun bi ta Adan, suka sauka Tajura a ƙasar da ake kira Jibuti a yau. Daga nan hanya ta ratsa ƙasar Afar, ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a duniya, ta gefen tafkin Assal, wanda yake kimanin mita 155 ƙasa da teku, inda fatake ke sarar gishiri su ɗora wa raƙuma. A wannan yanki aka kashe wasu daga cikin 'yan rakiyar ayarin cikin dare. Daga wannan kwari kuma sai hawa, har Ankobar, gidan sarautar Shawa, a tudun da ya haura mita 2,400, inda sanyi da hazo suka maye gurbin ƙuna.

Bernatz ya yi watanni a ƙasar Afar, sa'an nan ya hau tudu ya zauna a Shawa, bai baro ba sai 1843. Ya zana ayarin raƙuma, da zangon fatake, da fadar sarki, da bukukuwan Kiristocin Habasha, da bayin da ake kora zuwa bakin teku. A 1852 aka buga aikin a Landan da sunan Scenes in Ethiopia, kashi biyu: na kwarin Afar da na tudun Shawa. Har gobe masana tarihin Habasha suna komawa ga waɗannan hotuna, saboda wanda ya yi su ya zauna a wurin, ya gani da idonsa, ya sake gani. Gani ya kori ji.

Kada mu wuce ba mu lura da wanda ya biya kuɗin tafiyar ba. Harris ya je ne don ƙulla yarjejeniyar ciniki, aka kuwa sa mata hannu a watan Nuwamba na 1841, a lokacin da Faransa ma take zawarcin wannan sarki. Mai zane yana bin kyan tudu da kwari, amma wanda ya ɗauke shi aiki so yake ya san hanya, da rijiyoyi, da ƙarfin dakarun sarki.

Abdulkarim ya ratsa Zamfara

Yanzu sai mu dawo gida. Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, ya tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, da kuɗin gwamnatin Ingila. Abokan tafiyarsa biyu duk ƙasar Barno ta riƙe su: Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852. Barth ya ga Agadas, ya ga Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu na 1851 zamanin Sarki Usman, ya ƙiyasta mazauna birnin a kan 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin hada-hadar fatake. Ya je Kukawa, ya je Yola, ya kai bakin Tafkin Chadi.

A watan Maris na 1853 ya baro Katsina ya nufo yamma, ya shigo ƙasar Zamfara ta Zurmi. Ya tsaya a Badarawa, inda audugar da ya gani a kasuwa ta burge shi. Zamani ne na rashin kwanciyar hankali, wasu garuruwan Zamfara suna tare da Sakkwato, wasu suna tare da Gobirawa, har ya zama dole ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi yini da dare ba a sauke kaya ba. A Gawasu ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya ba shi izinin tafiya da takardar amincewa da fataken Ingila. Ya zauna a Wurno, ya ziyarci Sakkwato, ya gana da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, ya karanta Infaƙul Maisuri na Bello. A Gwandu, zamanin Sarki Halilu, aka ba shi aron littafin Tarikhus Sudan, ya kwafi abin da ya iya. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, ya zauna a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmadul Bakka'i, ya sake biyowa ta Sakkwato da Kano a 1854, ya isa Landan a watan Satumba na 1855.

Barth malamin tarihi ne da harsuna, yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, amma ba gwanin zane ba ne. Abin da ya kawo gida 'yan zane-zane ne na gaggawa a cikin littattafan ajiyarsa. Da aka zo buga labarin tafiyar, juzu'i biyar, a 1857 da 1858, da Ingilishi a Landan, da Jamusanci a garin Gotha, sai aka nemi wanda zai mai da waɗannan zane-zane hotuna. Aka ga ba wanda ya fi dacewa kamar mutumin da ya riga ya ga ranar Afirka da raƙumanta. Haka Bernatz, yana zaune a Munik, ya fitar da manyan hotuna 60 masu launi na wannan littafi.

Isnadin hoto

Malamanmu na hadisi sun koya mana cewa ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa. Hoto ma yana da isnadi, kuma na hotunan nan a rubuce yake da ƙananan haruffa a ƙasan kowannensu: Bernatz ya zana, daga zanen Barth, kamfanin Hanhart na Landan ya buga. Mu bi wannan silsila.

Na farko idon Barth. Shi ya ga wurin, amma sau da yawa a gajiye, ko cikin zazzaɓi, ko yana ɓoye takarda don kada a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Na biyu hannun Bernatz. Shi zai cika abin da layin fensir bai faɗa ba: launin sama, inuwar bango, tsayuwar mutum, yadda riga ke zuba a jiki. Daga ina zai samo su? Daga bayanin Barth, da kuma abin da idonsa ya saba gani a Masar da Habasha. Na uku mai bugun dutse. Wannan fasaha a Munik aka ƙago ta, wani Alois Senefelder ya gano ta wajen 1796. Ana samun farin dutse mai laushi a goge shi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, a shafe shi da ruwan ƙaro. In an jiƙa dutsen aka bi da tawada mai maiƙo, sai ta kama wurin zanen kaɗai, domin ruwa da mai ba sa haɗuwa. Kowane launi da dutsensa, kuma launukan da za a iya sawa ƙididdigaggu ne. Saboda haka launin da kuke gani a hoton Kano, launin da maɗaba'a ta iya bayarwa ne.

To me za mu karɓa, me za mu ajiye? A hoton Dala, abin da ya shafi shimfiɗar gari abin dogaro ne: cakuɗuwar soraye da ɗakunan ciyawa, da dabino, da faɗin birnin, duk sun dace da abin da Barth ya rubuta da alƙalaminsa. Amma mutanen da akan jera a gaban irin waɗannan hotuna, al'adar masu zanen Turai ce ta wancan zamani su sa su don hoto ya yi rai, a kuma gane girman abin da ke bayansu. Wanda zai kafa hujja da naɗin rawaninsu ko ɗinkin rigarsu a kan yadda Kanawa ke sa tufafi a 1851, sai ya nemi wata shaidar ta biyu.

Hoton shigar Tambutu ya fi fito da wannan a fili. An nuna ayarin daga gefe, kamar mai zanen yana tsaye a kan tudu yana kallo. Alhali a ranar Barth yana cikin ayarin, a kan doki, ba shi da lafiya, kuma yana ɓoye cewa shi Kirista ne don tsoron ransa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai zauna ya buɗe takarda ba. An haɗa hoton ne daga baya, daga tunawa da bayani. Wannan bai sa ya zama ƙarya ba, amma ya sauke shi daga matsayin abin da aka gani zuwa matsayin abin da aka ba da labari.

Haka kuma mu tuna, daga zaman Barth a Wurno zuwa ranar da sojojin Lugga suka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903, shekara 50 ce cif. Barth ya rubuta labarinmu da mutunci fiye da yawancin Turawan zamaninsa, kuma bai zo da bindigar mamaya ba. Duk da haka taswirorin littafinsa da bayanin hanyoyi da kasuwanni sun zama jagora ga waɗanda suka zo daga baya da wata niyya.

Fuskokin da muke da su da waɗanda ba mu da su

A fannin zanen fuska, abin da ƙarni na 19 ya bar mana kaɗan ne. Barth ya siffanta Aliyu Babba da kalmomi, ya ce mutum ne kakkaura, matsakaicin tsawo, mai fara'a. Kafin shi wani Bature, Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma rasu a can a 1827, ya siffanta Muhammadu Bello da kalmomi shi ma. Shehu Usmanu kuwa, wanda ya rasu a 1817, ba wanda ya zaunar da shi ya zana shi. Don haka duk hoton da kuka gani yana yawo a Facebook ko WhatsApp an ce Shehu ne, ƙirƙirar wani ce daga baya. Matasa, ku daina yaɗa shi da sunan tarihi.

Abin mamaki, Bahaushen da fuskarsa ta shiga littafin Barth ba sarki ba ne, yaro ne da aka 'yanta daga bauta, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, tare da abokinsa Abbega, Bamargi. Barth ya tafi da su Turai a 1855. A Ingila Dorugu ya zauna da wani mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da abin da ya gani a ƙasar Turawa, da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya dawo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Ga Bature yana zana mu bai gan mu ba, ga ɗanmu yana siffanta Turawa bayan ya ci abinci a teburinsu. A wajen ingancin isnadi, Dorugu ya fi Bernatz.

Shi Bernatz ya rasu a Munik ranar 19 ga Disamba, 1878, yana da shekara 76.

Abin da malamai suka ce

Na san akwai tambayar da ke zukatan da yawa daga cikinmu, kuma ba zan tsallake ta a gaban malamai ba. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan surar abu mai rai. Malaman fiƙihu sun yi bayani, wasu sun bambanta gunki mai inuwa da zanen da ke kan takarda, wasu ba su bambanta ba, kuma wannan fage nasu ne, a tambaye su. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya yi masa gargaɗi, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ƙofa a buɗe take, kuma mafi yawan abin da nake kira a zana ta nan ya shiga: gulbi, dutse, ganuwa, masallaci, rumbu, kayan sana'a.

Kuma kada wani ya ce mana zane baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Wa ya koya wa mai zayyanar allon sauka haɗa ja da ɗorawa da baƙi? Wa ya koya wa maɗinki aska takwas, ko magini dagin da ke goshin soro, ko baduku adon da ke jikin sirdi? Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, ai da ido da lissafi ya ɗaure bakan gizonsa. Hannun yana nan, ido yana nan. Abin da ba mu saba ba shi ne mu juya su ga garinmu, mu zana shi yadda yake a rana kaza, mu sa kwanan wata. A kudancin ƙasar nan Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, shi ya koya wa kansa zane tun kafin ya je makaranta a Landan, ya kuma yi ta fafutuka har aka sa darasin zane a makarantun Legas. A nan Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da zane da ya yaye manyan gwanayen Nijeriya. Ƙofarsa ba a rufe take ga ɗan Bukkuyum ba.

Kammalawa

Iyayena da 'yan'uwana, a cikin hotuna 60 na Bernatz babu Anka, gidan Sarkin Zamfara. Babu Gummi ta Sarkin Mafara. Babu Bukkuyum ta Sarkin Danko. Babu wannan gari da muke zaune. Hanyar Barth ta bi ta arewa da mu. Da kyamarorin duniya suka juyo wajenmu kuwa, sai a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, sai kuma shekarun nan na 'yan bindiga. Wanda ya nemi hotonmu a yau, ramin zinariya zai gani, da gadon asibiti, da 'yan gudun hijira. Duk gaskiya ne, amma ba su ke nan ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka ina da roƙo guda huɗu. Na farko ga shugabannin makarantu: a ware wa yara lokaci, a ba su fensir da takarda, a fita da su su zana abin da ke gabansu, gulbin Zamfara da damina da rani, rumfunan kasuwa, maƙera, masaƙa, galma da lauje. Na biyu ga matasa masu waya: hoton da ke cikin waya yana tafiya ranar da wayar ta lalace ko aka sace ta, ku zaɓi masu muhimmanci ku wanke su, ku rubuta a baya wuri da rana da sunan wanda ya ɗauka. Na uku ga iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya: a tanadi akwati a kowace fada don ajiye irin waɗannan takardu, a kuma aika kwafi zuwa gidajen ajiyar tarihi irin su na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna.

Na huɗu shi ne mafi gaggawa. Akwai ƙauyukan da suka tashi a shekarun nan, gidajensu suna rushewa, ciyawa tana cinye hanyoyinsu, amma dattawan da suka san su suna raye a cikinmu. Duk matashin da Allah ya ba hannu, ya zauna da irin wannan dattijo, ko wannan gyatuma, ya tambaya: ina masallaci yake, ina rijiya, ina gidan mai gari, wace itaciya ce a bakin kasuwa? Ya zana, ya nuna, a gyara masa, ya sake zanawa har mai wurin ya ce haka yake. Sa'an nan ya rubuta a ƙasa: wane ya zana, daga bakin wane, a rana kaza. Aikin da Bernatz ya yi wa Barth ke nan, sai dai naku zai fi nasa inganci, domin kun san rana da ƙasa da tufafin da kuke zanawa. Ku fara tun masu ba da labarin suna da rai.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya jiƙan magabatanmu.